Shekara Biyu Ana Yi Mini Bankwana Ban Sani Ba

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar Talata, a zauren gidana da ke Boɗinga. Mu uku ne. Ni ina jingine da bango, an tokara mini matashi a gefen dama inda aka yanka. Yayana yana zaune a bakin tabarma, saukowarsa ke nan daga motar Sakkwato, bai ko wuce gidansa na Shagari ba. Maiɗakina tana tsaye a ƙofar shiga cikin gida da kwanon ruwa a hannu. Na san lokacin domin na duba agogo. Tun azahar nake dubawa.

Yayana ya sha ruwa, ya goge baki, ya ce, "Alhamdu lillahi. Likita ya ce babu komi. Tsiro ne, sun hidda shi, magana ta ƙare."

Na ce, "Ina takardar?"

"Tana wurinsu. Mi za ka yi da takarda? Kai dai ka ci abinci."

"Bai ce in koma ba?"

"In ka ji ciwo. In ba ka ji ba, zauna gidanka."

Na yi masa godiya. Na ce wa maiɗakina a yanka kaza. Ya ce ba zai tsaya ba, shanu na jiransa, amma kafin ya tafi ya kira ta gefe a ƙofar gida suka yi magana kaɗan. Na ɗauka yana faɗa mata irin abincin da za ta riƙa ba ni.

Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru. Ni tela ne, kuma a sana'armu awo ake fara yi, sannan yanka, sannan ɗinki. Wanda ya sauya wannan tsari ya ɓata yadin mutane.

Farkon abin tari ne. Ya kai shekara biyu yana tafiya yana dawowa, da wani shewa a ƙirji kamar an hura bututu. Aka ce asma ce, na sha magani. Aka ce tarin fuka ne, aka gwada majina, ba a ga komai ba. Sau uku zazzaɓi ya kwantar da ni da ciwo a wuri ɗaya, ƙasan haƙarƙarin dama. Ban taɓa sa taba a bakina ba, don haka ban kawo komai a raina ba. Ranar da na yi tari jini ya fito ya ɗiga a kan farar shaddar wani mutum, ranar na rufe shago na tafi babban asibiti. Suka ɗauki hoto, suka zura wata siririyar igiya mai fitila ta maƙogwarona, suka ce akwai tsiro kamar ƙwallon dabino ya toshe ɗaya daga cikin hanyoyin iska. Suka ce sai an cire ɓangaren ƙasa na huhun dama gaba ɗaya.

Dole in faɗi gaskiyar yayana a nan, kada a ce na zalunce shi. Shi ya ba ni jini. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti, kwana goma sha ɗaya ya yi a kan tabarma a baranda, ya bar dabbobinsa a hannun maƙwabta. Shi ya riƙa tallafe ni in zan yi tari, lokacin da robar da ke zuƙe ruwan ƙirji ke rataye a gefena. Ya girme ni da shekara tara, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba.

Da aka sallame ni, aka ce abin da aka cire za a kai shi ɗakin gwaji, a dawo bayan mako biyar a ji ko mene ne. Da ranar ta zo, ɗinkin bai gama kamewa ba, kowane rami mota ta faɗa sai in ji kamar an soke ni. Yayana ya ce in zauna, shi zai je ya karɓo. A wurinmu haka ake yi. Babba ke shiga wurin likita, ya fito ya faɗa wa gida abin da ya dace a faɗa. Ban ga laifin hakan ba, domin ni ma na taɓa yi wa wasu.

Bayan wata uku na koma shago. Da farko in na taka keke na ɗan lokaci sai numfashi ya gaza, in tsaya in huta. Hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Bayan wata shida ina tafiya masallacin Juma'a a ƙafa ba tare da na tsaya ba. Tari ya tafi. Na yi ƙiba har na buɗe wa wandunana ƙugu. A ganina na warke.

Sai dai wasu abubuwa suka fara faruwa, kuma na lura da kowannensu, amma ban haɗa su wuri ɗaya ba.

Na farko, neman yafiya. Akwai mai takalma a gefen shagona, shekara biyar ba ma ga maciji saboda ruwan rumfarsa da ke zuba a ƙofata. Wata safiya ya shigo, ya durƙusa, ya ce, "Malam, don girman Allah ka yafe mini abin da ya wuce." Na yafe. Bayan mako guda wani manomi daga Dingyaɗi, wanda ya taɓa zagina a gaban jama'a don kayan Sallarsa sun yi latti, ya zo da buhun gero rabi ya roƙi gafara. Na ƙirga su, mutum goma sha ɗaya a cikin wata huɗu. Har na ce wa maiɗakina, "Ashe rashin lafiya na gyara zukatan mutane." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Malam."

Na biyu, likkafani. Shekara ashirin, in an yi rasuwa a unguwarmu, ni ake kawo wa farin yadi in yanka. Ba na karɓar komai, aikin lada ne. Aka daina kawowa. Sai dai in ji an yi jana'iza, wani tela ya yanka. Na tambayi limaminmu, ya ce, "Tausayinka muke ji, ba ka gama murmurewa ba." A lokacin ina ɗinka kaya kala huɗu a yini.

Na uku, aiki. Faci da wandunan yara ba su yanke ba, har ma sun ƙaru, kuma masu kawowa ba sa neman ragi. Amma babbar riga mai aikin hannu, wadda ke ɗaukar wata biyu ko uku, ba wanda ya ƙara kawo mini. Ankon biki da ake bayarwa tun da sauran lokaci ya koma wasu shaguna. Wani alhaji ya aiko a karɓi shaddarsa da ya ajiye mini tun kafin a yi mini aiki, wai ya sauya ra'ayi. Na ce zan sayi keken yi wa riga aiki don in jawo su. Yayana ya ce, "Bari tukuna." Na ce zan ƙara ɗaki a gida. Ya ce, "Bari tukuna." Amma shi da kansa ya taho da dattawa biyu, ya ɗauke ni zuwa gonar gadonmu ta wajen Horo Birni, muka bi iyaka daga gawo zuwa tsohuwar rijiya, aka kafa duwatsu. Ya ce don yara su sani. Ni mai son tsari ne, har na yaba masa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni kunya idan na tuna. Shekara ashirin da uku muna tare da maiɗakina, kuma mace ce mai gardama. In na ce gabas sai ta tambayi dalili. Bayan aikin nan ta daina. Kome na faɗa, "To, Malam." Wata rana na gwada ta. Miya ta yi gishiri har tana ɗaci, na ce mata babu gishiri. Ta tashi ta ɗauko ta ƙara mini. Na zauna ina jin daɗi a raina, ina cewa ashe dai ta yi hankali.

Haka aka yi shekara biyu da wata ɗaya.

Ana saura mako uku Babbar Sallah na tafi kasuwar Shagari duba rago. A kara na haɗu da taubashina, ɗan goggona. Dillalin dabbobi ne, kuma ya daɗe a Kudu yana bin motocin shanu, tun kafin a yi mini aiki ban sa shi a ido ba. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara. Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, don haka bawana nake kiransa, shi kuma ba abin da ba ya faɗa mini.

Yana hango ni ya saki igiyar tunkiya ya dafe kai.

"La'ilaha illallahu! Fatalwa da rana tsaka! Jama'a ku riƙe ni!"

Na ce, "Bawa marar kunya, zo ka gai da ubangidanka."

"Wane ubangida? Ni tun ina Kudu anka hwaɗa mini ka kusa. Har na yi ƙwalla. Na ce Allah sarki, yanzu wa za ya riƙa ɗinka mini wando ƙafa guda ta ɗara guda?"

"Ƙafafunka ne ba daidai ba."

"Ji shi! Dubi wuya, dubi tumbi. Shekara guda anka ce, yau ga ta biyu kana neman rago. Kai dajin ma ɗanɗana ka ya yi, ya ji ɗaci, ya tofar."

Yana dariya, ni ma bakina a buɗe yake da dariya. Amma akwai mutum huɗu ko biyar a wurin da suka san ni, kuma ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Ɗaya ya duƙa yana duba haƙoran ragon da ya riga ya duba. Ɗaya ya juya baya.

Na ce, "Wane daji?"

Ya dubi fuskata, ya dubi tasu. Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wasa nika yi."

Na ce, "Shekara hamsin muna wasa, ba ka taɓa ce mini wasa kake yi ba."

Ya duƙa ya ɗauki igiyar tunkiyarsa. Ban sayi rago ba.

Daga kara zuwa gidan yayana ba nisa. Ƙarfe biyu da minti goma na same shi a bayan gida yana dama wa shanu dusa. Na yi sallama, na gaishe shi yadda ƙane ke gai da wa, na tambayi iyali da dabbobi. Sannan na ce, "Yaya, takardata na zo karɓa."

"Wace takarda?"

"Wadda ka ce tana wurinsu."

Ya daɗe hannunsa na cikin dusa. Sannan ya wanke, ya shiga ɗaki, na ji ƙarar adaka. Ya fito da leda a naɗe. Takarda biyu ce a ciki. Ɗaya doguwa da Turanci mai wuya. Ɗaya ƙaramin kati. Karatuna firamare ne da abin da na tsinta daga baya, amma ina karanta kwanan wata. An rubuta ranar da zan koma, wata shida bayan aiki, an ja layi biyu a ƙarƙashi. Ranar ta wuce da shekara ɗaya da rabi da ɗoriya.

Na ce, "Mi likita ya ce? Kalma da kalma nike so."

Ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Da fari ya ce ina mai ciwon, na ce ba ka iya tahiya. Sai ya ce wanga abu nau'in daji ne. Ya yi ta magana, har zane ya yi mini a takarda. Wallahi tallahi daga kalmar nan ban ƙara jin komi ba. Baba kawai nike gani."

Mahaifinmu dajin hanta ne ya kashe shi. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya. Wani ɗan uwa ya faɗa masa sunan ciwon, daga ranar ya juya fuska bango ya ƙi abinci, bai kai kwana arba'in ba. Yayana ne ya yi jinyarsa.

Na ce, "Wa ya ce shekara guda?"

"Ni ban ce ba. Na hwaɗa wa kawu da liman don a yi addu'a, da matarka don ta kula da kai. Sauran mutane sunka ƙara."

"Katin fa?"

"In kai ka su ƙara yanka ka? Su hwaɗa maka a fuska ka kwanta kamar Baba? Na ce kwanan da Allah ya ɗiba maka ka ci su cikin daɗin rai. Kai ƙanena ne. Ni na goya ka. Ga ka nan lahiya lau, to mi na ɓata?"

Na ce, "Yaya, huhun wa anka yanka?"

Ya kau da kai wajen shanu.

"Naka ko nawa?"

Ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Jinina na cikin jikinka."

Na ce na sani. Na sa takardun a aljihu, na yi masa sallama, na hau mota. Tsakanin Shagari da Boɗinga na yi ta jera su a raina: mai takalma, mutumin Dingyaɗi, liman, alhajin shadda, dattawan gona. Gari guda ya san kwanana, ana yi mini bankwana ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina raba yafiya ina murna.

Na tarar da maiɗakina tana tankaɗe. Na ajiye katin a kan faifai. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta gane.

Ta ce, "Yaya ya sa na rantse da Alƙur'ani."

Na ce, "Shekara biyu kina zuba wa gawa tuwo kina cewa to, Malam."

Ta tashi tsaye, gari duk a zaninta. Ta ce, "Ka ɗauka daɗi na ji? Kowace asuba sai na kasa kunne in ji ko kana numfashi kafin in tashi. Wa zan hwaɗa wa? Kai da in an yi maka magana sai ka ce a bi tsari, babba ya riga ya yanke? To babba ya yanke. Na bi."

Na ce mata ta shirya, gobe za mu Sakkwato, ni da ita.

Mun isa ƙarfe takwas, aka kira mu sha ɗaya da rabi. Likitan da ya yi mini aiki ne. Ya buɗe fayil, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, ina ka shiga? Sau biyu muka buga lambar da ke nan. Wanda ya ɗauka ya ce ka warke, ba ka bukatar zuwa."

Na karanta lambar a juye daga inda nake zaune. Ta yayana ce. Wannan bai faɗa mini ba a bayan gidansa.

Na fito da littafin da nake rubuta awon mutane, na buɗe shafi na ƙarshe. Na ce, "Likita, ni ne mai ciwon. Ka faɗa mini ɗaya bayan ɗaya, zan rubuta. Kada ka rage komai."

Ga abin da na rubuta.

Ciwon sunansa kasinoyid. Ya rubuta mini da hannunsa. Daji ne, amma ba irin wanda mutane suka sani ba, kuma ba a cika samunsa ba, shi ya sa ake daɗewa ana ɗaukarsa asma ko tarin fuka. Iri biyu ne, mai tafiyar hawainiya da wanda ya ɗan fi shi sauri. Nawa mai tafiyar hawainiya ne.

An cire shi duka, gefen da aka yanka babu saura. Shi ya sa ba a sa mini ƙarin ruwan maganin daji ba, ba don an fid da rai ba. Yawancin waɗanda aka yi wa irin wannan aiki a kan irin wannan tsiro suna rayuwa shekaru masu yawa, suna aikinsu, da dama tsufa ke ɗaukarsu ko wani ciwo dabam.

Amma a cikin 'yan kaluluwar da aka ciro daga ƙirjina an sami ciwon a guda ɗaya. Wannan ya sa dole a sa mini ido. Ciwon yana iya dawowa shiru, ba tari ba zafi, ko bayan shekaru da yawa, a ƙirji ko a hanta ko a ƙashi. Hoto kaɗai ke nuna shi da wuri. Da wuri kuwa akwai abin yi.

Na ajiye biro na ce, "Ka taɓa cewa shekara guda ta rage mini?"

Ya ce, "Ni? Na faɗa wa ɗan uwanka cewa a cikin labaran da nake bayarwa a ɗakin nan, naku na cikin masu daɗi. Na ce kawai ya kawo ka."

Maiɗakina ta rufe fuska da mayafi. Ashe albishir aka ba shi ya kawo mini, ya naɗe a leda ya sa a adaka.

Aka tura ni hoton na'ura, ƙirji da ciki. Bayan kwana tara muka koma. Ya ce ƙirji fes yake, huhun da ya rage ya buɗe ya cike wurin. Sannan ya juyo allon ya nuna mini wani ɗigo a hanta, bai kai ƙwayar wake ba.

Na ce, "Shi ne?"

Ya ce, "Ban sani ba. Mutane da yawa suna da irin wannan tun haihuwa, ba ya komai. Yana kuma iya zama shi. Hotonka na kafin aiki na ƙirji ne, bai kama wurin nan sosai ba. Ya yi ƙanƙanta a tsokane shi da allura yanzu. Da ina da hoton bara da na bara waccan, da na ɗora su gefe da gefe na faɗa maka yau."

Wannan ban bukaci a yi mini bayani ba. In an kawo mini yaro na auna shi sau ɗaya, ba zan iya cewa yana girma ba. Sai in akwai awon baya a littafi. Awon baya ne babu, kuma ba za a ƙara samunsa ba.

Na ce, "Nawa ya rage mini?"

Ya ce ba zai ba ni lamba ba domin ba shi da ita. Ya ce ko da shi ne, a hankali yake tafiya, kuma akwai hanyoyin tare shi. Ya ce in dawo bayan wata uku a sake hoto a gwada da wannan. Na sa aka goge lambar yayana daga fayil aka rubuta tawa, ina tsaye ina kallo.

Yau mako bakwai ke nan a cikin wata ukun. Ina zuwa shago. Na je wurin liman na karanta masa abin da ke littafina daga farko har ƙarshe, na ce ya faɗa wa duk wanda ya faɗa wa na farko. Mutum biyu sun kawo manyan riguna. Sauran suna kallona kamar ina ƙarfin hali ne, domin labarin mutuwa ya fi saurin shiga kunne.

Yayana na je na gaishe shi da Sallah, na ci naman gidansa, domin wa ne kuma ba a yanke zumunci. Ya aiko kawu ya ba ni haƙuri. Kawu ya ce niyyarsa alheri ce, kowa a matsayinsa haka zai yi. Na ce na yarda niyyarsa alheri ce. Da maƙiyi ne ya yi mini haka, da na san inda zan ajiye shi a raina. Wanda ya kwana goma sha ɗaya a baranda saboda ni, shi ya ɗauki wayar likita sau biyu ya ce na warke. Ya duba ni ya yanke cewa ba zan iya ɗaukar labarin jikina ba, bai tambaye ni ba. Wataƙila da na ji da na kwanta kamar Baba. Wataƙila da na hau mota duk wata shida da katina a hannu. Ba wanda ya bar ni na gwada.

Ba ranar mutuwata nake nema ba, wannan na Allah ne. Abin da ke cikin hantata nake son sani, kuma da an bar mini katina da yanzu na sani. Saura mako shida.

Kai mai karatu, abu ɗaya nake roƙonka. In ka raka naka asibiti aka ce sakamako ya fito, kada ka shiga wurin likita kai kaɗai. Ko a kan keken marasa lafiya ne, shiga da shi. In kalmar ta tsorata ka, ka ce likita ya maimaita har ka ji ƙarshen maganar. In an ba da kati, ka sa shi a hannun mai ciwon, kuma ranar da aka rubuta ka kai shi.